Idon Ruwan da Tanuf Ya Nuna

Ana daf da magariba Tanuf ya dawo gidansa a Hadibo, a tsibirin Sukutra, ya ajiye motar da yake ɗaukar baƙi masu yawon buɗe ido a bakin ƙofa. Matarsa Salama tana gasa kifi, 'yarsu Rumaisa mai shekara goma sha biyar tana tsintar shinkafa. Iskar teku ta kwanta. Ya zauna zai cire takalmi ke nan, sai dutse ya faɗo cikin farantin shinkafar.

Ɗan ƙarami ne, fari, sumul, kuma a jiƙe. Salama ta leƙa bayan katanga, ba kowa. Na biyu ya faɗo, sai na uku. Tanuf ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya ji warin gansakuka irin ta ruwan dutse. Ya sa shi a aljihu.

Ya san inda irinsa yake. Can saman tsaunuka, bayan ƙauyen dangin mahaifiyarsa, akwai idon ruwa a bakin wani kogo. Makiyaya na shayar da awaki a nan, amma sai sun yi sallama, kuma ba mai shiga wanka. Mahaifiyarsa Tamana, kafin ta rasu, ta sa ya yi mata alkawarin ba zai taɓa kai baƙo wurin ba. Ta ce akwai mai wurin, kuma ta girmi kakanninsu.

Makon jiya wasu baƙi biyar suka ce sun gaji da rairayin da kowa ya ɗauka hoto, suna son inda ba a sani ba. Ya kai su idon ruwan, ba wanda ya tilasta shi. Son a yabe shi ne kawai. Suka yi iyo, suka yi wanka da sabulu, suka ɗauki hotuna, suka ci suka zubar. Shi kuma don ya ba su dariya, ya shiga kogon ya maƙale murya yana kwaikwayon tsohuwar aljana. Da za su tafi ya watsa ragowar tafasasshen ruwan shayi cikin duhun kogon, ko bismilla bai yi ba.

Kwana shida ana jifan gidan, kullum tsakanin la'asar da magariba. Daga baya aka fara jin ɗigar ruwa a ɗakin da babu ko randa. Salama ta tambaye shi ko ya san wani abu, ya ce bai sani ba.

"Baban Rumaisa, kai da bakinka ba ya hutawa gaban baƙi, a gidanka ka zama kurma?" in ji ta.

A rana ta bakwai aka tarar da Rumaisa zaune a tsakar gida, gashinta na ɗigar ruwa, hannunta na hagu ya tashi kamar an ƙona shi. Ta ɗago ta dubi ubanta da idon da ba nata ba.

Salama ce ta je ta kira Shaihu Jum'an, tsohon malamin da ke yi wa mutane ruƙiya. Ya zo da sandarsa, ya zauna gaban yarinyar, ya daɗe yana karatu a hankali. Rana na faɗuwa jikinta ya sandare, wata murya mai kaushi ta fito daga bakinta.

"Ba da kai nake ba, malam. Ɗan Tamana nake jira. Kwaikwaye ni mana, ai ka iya."

Tanuf ya durƙushe. A gaban matarsa da malam ya faɗi komai, bai rage ba. Salama ba ta dube shi ba ko sau ɗaya.

Shaihu Jum'an ya ce da muryar ta ji tsoron Allah, yarinya ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Muryar ta ce jikarta ma ba ta sani ba, tana barci aka watsa mata ruwan zafi. Ta nemi a bar mata Rumaisa shekara guda. Malam ya ƙi. Ta nemi hannun yarinyar ya shanye, ya ƙi, ya ɗaga murya da karatu har ta fara nishi. Tanuf ya ce a ɗauki nasa hannun.

"Me zan yi da hannunka?" in ji ta. "Uwarka ta sha ruwana tana ɗauke da cikinka. Saboda ita zan saki 'yarka. Amma hotunan sun riga sun tafi, wasu baƙin na nan tafe a bayansu. Ni ba zan zauna ba. Kuma abin da na zo da shi, da shi zan tafi."

Malam ya sa ta rantse ba za ta dawo jikin yarinyar ba, ta rantse. Rumaisa ta yi atishawa, ta kife a cinyar uwarta. Da ta farfaɗo ta ce yunwa take ji. Hannun ya warke cikin mako, ko tabo bai bari ba.

Bayan wata guda kawunsa ya aiko daga ƙauye cewa idon ruwan ya ƙafe, abin da ba a taɓa gani ba ko a shekarun fari. Gida tara ne ke sha daga wurin. Biyu suka sayar da awakinsu suka sauko bakin teku.

Tun daga lokacin, duk ranar Alhamis Tanuf ba ya ɗaukar baƙi. Jarkoki yake cikawa ya hau da su tsauni. Mutanen ƙauyen suna sa masa albarka, tsofaffi suna cewa Tamana ta haifi ɗa. Ya sha shirya yadda zai faɗa wa kawunsa gaskiya, tun daga gindin dutse yake bitar maganar. In ya iso, tsohon ya riƙe hannunsa yana godiya, sai ya sunkuyar da kai ya fara sauke jarkoki.