Dangwale na Biyar

Auta ya rantse ba zai kwana a gidan nan ba. Takardar gonar gado kawai ya zo ɗauka, gobe ya miƙa wa mai saye, ya kama gabansa.

Bayan isha'i ya shiga ɗakin takardu da ke bayan shagonsu, ɗakin da mahaifinsa ya tsufa a ciki. Ƙofar ta rufe kanta a hankali. Ya murɗa, ta ƙi buɗuwa.

Sai ya ji motsin takarda. Wani dattijo ne zaune a kujerar marigayi mahaifinsa, ya shimfiɗa takardar gonar a gabansa.

"Baba, wa ya buɗe maka?" in ji Auta.

"Zauna, ɗana. Kai kaɗai ka rage."

A gidansu ba a sa hannu, dangwalawa ake yi. Kowane magaji yakan sa yatsansa ƙarƙashin na ubansa, kuma duk wanda ya dangwala, a gidan yake ƙare kwanansa. Dangwale huɗu ne a jere a kan takardar. Na farko, na kakan kakansu, yana da tsaga a tsakiya, inda lauje ya taɓa yankarsa.

"Ni sayarwa zan yi," in ji Auta.

Dattijon ya damƙi wuyan hannunsa da tafi mai sanyi kamar gindin randa, ya ja shi zuwa ga tawada. Auta ya yi ƙoƙarin fizgewa, ko gezau.

Nan idonsa ya sauka kan babban yatsan da ke danne da nasa. Ga tsagar lauje a tsakiya, tawadar ko bushewa ba ta yi ba.