Zarnin Ɗakin Yelwa

Kwana uku ke nan da Jibo ya sa kyanwar gidan a buhu ya yar a hanyar Rogo, amma zarnin fitsarinta bai bar ɗakin matarsa Yelwa ba. Ta dirje daɓen da toka da omo, ta yi turaren wuta, amma magariba na yi sai wurin ya sake jiƙewa.

Ran nan bayan isha'i Jibo bai dawo daga Ƙaraye ba. Yelwa na durƙushe tana goge daɓen, jaririnta na barci a gado, sai ta ji sallama ƙasa-ƙasa. Wata tsohuwa ce tsaye a ƙofa, ko takunta Yelwa ba ta ji ba.

"Sannu da aiki, 'yar nan," in ji tsohuwar. "Ba zai fita ba."

"Sannu, Iya. Daga ina?"

"Daga inda aka kai ni."

Ta wuce ta zauna dab da jaririn, wani siririn gurnani na fita daga ƙirjinta. Yelwa ta ɗaga fitila ta haska ta.

Tsohuwar ta lashi bayan hannunta a hankali, ta shafa kunnenta da shi, idonta na kan yaron.