Ƙasar Bayan Ɗakin Inna

Tsofaffin Kudan ba sa son a tayar da zancen Dalhatu ɗan Lado. In aka matsa musu, sai sun nemi tsari kafin su buɗe baki. Ni ma sai da na nema.

A shekarar da sojojin da suka je yaƙin Bama suka fara dawowa gida, Dalhatu ya gama kwaleji a Zariya. Ya dawo Kudan da akwatin kwano, da takardar shaida, da wasiƙar wani kamfanin kuza na Jos da ke neman sa akawu, ya ba da amsa kafin Babbar Salla. Ubansa ya rasu tuni, ya bar musu fadamar rake. A gida akwai uwarsa Atika, da ƙanensa Labaran mai noman fadamar, da autarsu Zinariya. Yayarsu Mairama tana aure a Dandamisa.

Babu wanda ya tare masa hanya. Uwar ta ce, "In tafiya ce, ka tafi da albarkata. In zama ne, ga fadamar ubanka nan." Labaran ya ce, "Yaya, ka je abinka, ni na riƙe gida."

Da wani ne mai gode wa Allah, da ya ɗauki ɗaya. Dalhatu kuwa duka biyun ya raina. Ya ga akawuna a Zariya, ya san ƙarshensu: keke ɗaya, ɗakin haya, da rusunawa gaban Bature har furfura ta fito. Zama kuma, yana jin kunyar a gan shi da lauje bayan duk Turancin nan da ya sha. Birni yake so da dukan zuciyarsa, amma so yake ya shige shi a attajiri, a miƙe masa tsaye. Kullum sai ya buɗe wasiƙar ya karanta ya ninke, har ta fara yagewa a gaɓoɓinta.

A kasuwar Makarfi wani dillalin mazarƙwaila ya raɗa masa sunan Inuwa Mai Tukwane, bokan da ke zaune a kogon wani dutse kan hanyar Ikara. Dalhatu ya yi dariya irin ta 'yan boko. Kwana uku bayan dariyar, ya ari keke.

Da rana tsaka ya isa. Rana na ƙuna, amma bakin kogon sanyi ke fitowa daga cikinsa kamar rijiya. Wata busasshiyar kuka na tsaye a ƙofar, an ɗaɗɗaura mata tsummoki baƙaƙe, babu tsuntsu ko ɗaya a kanta. Ciki kuwa tukwane ne jere tun daga ƙasa har inda ido ya gaza, duk iri ɗaya, kowacce an liƙe bakinta da fatar akuya da laka. Warin tsohon jini ya cika wurin. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne bokan kansa: wani tsoho tsaf-tsaf da farar taguwa, yana ɓare gyaɗa a faifai kamar mai jiran jikokinsa.

Bai amsa sallama ba. Ya ce, "Me ya kawo ɗan makaranta wurin jahili?"

"Baba, arziki nake so. Mai yawa, kuma da wuri."

"Ba ga takarda a aljihunka ba? Je ka ci albashi."

Gaban Dalhatu ya faɗi, don bai ce masa komai game da wasiƙar ba. Ya daure ya ce, "Albashi ba ya sa a miƙe wa mutum."

Tsohon ya hure ɓawon gyaɗa. "Abin da nake yi wa aiki ba ya bin matafiyi. A ƙasa yake, mazauni yake so. Ka san inda aka binne mabiyiyarka ranar da aka haife ka?"

"Na sani."

"Ɗebo mini ƙasar wurin, cikin ƙwarya. Zan rufe ta a tukunya. Daga ranar, ƙasar Kudan za ta ba ka duk abin da ka roƙa. Amma wanda ke cikin tukunyar nan ba ya kwana a wajen Kudan. Ya yi yawonsa da rana. In gari ya waye masa a wani wuri, ƙasa za ta je ta ɗauko kayanta."

"Har yaushe?"

"Har ranar da ka zo ka karɓi ƙasarka, ka mai da ita ramin da ka ɗebo ta. Ranar za ka kuɓuta, ita kuma ta karɓe abin da ta ba ka, har tsinke."

"A bar mini rabi mana, Baba."

"Nan ba kasuwar Makarfi ba ce."

"To, a yanka shekaru. Biyar."

"Ni ba na yanka mata lokaci. Kai dai za ka gaji, ko ba za ka gaji ba." Sai ya ɗago ya dube shi sosai. "Abu ɗaya: taka kaɗai za ka ɗebo. Ka tambayi matan gidanku."

A hanyar komawa Dalhatu har waƙa yake yi. A ganinsa ya fi tsohon wayo: zai zauna 'yan shekaru, ya tura dukiyar zuwa Jos a hannun mutane, a gina masa gidaje, sa'an nan ya karɓi ƙasarsa, in ta iya ta bi shi can. Tambayar mata kuwa, ina! Mai takardar kwaleji ya tsuguna gaban uwarsa yana tambayar zancen ungozoma? Kuma in ta ce me zai yi da ita, ya ce me? Ai ya tuna kakarsa tana tsokanarsa tun yana ƙarami, tana nuna gindin lalle a bayan ɗakin Inna, tana cewa, "Komai yawonka, ga ka nan a binne." Ranar da matan suka tafi suna a maƙwabta, ya haƙa wurin, ya cika ƙwarya.

Inuwa ya karɓa ya auna a hannu. "Da nauyi. Ka tambaya?"

"Na tambaya."

Tsohon ya yanka baƙin bunsuru, ya tsiyaya jinin a kan ƙasar, ƙasar ta shanye nan take ba ta ko jiƙe ba. Ya sa Dalhatu ya tofa yawu sau uku, ya kira sunansa da na uwarsa a bakin tukunyar. Ya miƙo hannu ya ce a kawo wasiƙar ma a rufe.

Dalhatu ya dafe aljihu. "Wannan zan yi amfani da ita gaba."

Nan ne kaɗai ya ga tsohon ya yi dariya.

Washegari da hantsi aka aiko daga Dandamisa: Mairama ta kwanta lafiya, ba ta tashi ba. Dalhatu ya yi kuka na gaske, don yana son yayarsa. Matan da suka yi mata wanka sun ce sun sami jar ƙasa a bakinta, aka ce ko faɗuwa ta yi. Ya je jana'iza, ya ƙi zaman makoki, ya dawo kafin magariba. Mutane suka ce halin 'yan boko ne.

Sa'an nan arziki ya zo, kuma bai zo da sallama ba. Raken fadamarsu ya yi kaurin damtse. Ya kafa injin matse rake guda, doki na juya shi. Kafin shekara uku injuna goma ke kuka a bakin fadamar, hayaƙin dahuwa ba ya yankewa. Mazarƙwailarsa ta fi ta kowa haske da zaƙi, fatake daga Kano da Zariya suna rububinta tun tana kan wuta. Ya gina soro, ya yi wa ɗakin Inna rufin kwano. Wanda dā ake ce wa ɗan Lado ya koma Maigida, ana miƙe masa tsaye. Babbar Salla ta wuce sau uku, wasiƙa na ƙasan akwati.

Sai ya tuna dabararsa. Ya kira Labaran, wanda tun da aka haife shi bai taɓa kwana a wani gari ba, ya ce ya shiga jirgi ya je Jos ya nemo musu fili. Labaran ya yi ta murna, ya ɗinka sabuwar riga. "Yaya, me zan sayo maka?" Dalhatu ya ce ya dai dawo lafiya.

A Zariya Labaran ya sauka don canjin jirgi, ya kwana gidan wani abokin cinikinsu. Da safe aka tarar da shi a sandare, bakinsa da hancinsa cike da jar ƙasa, a ɗakin da aka yi wa daɓen siminti.

Bayan addu'ar bakwai Dalhatu ya shiga ɗakin uwarsa, ya yi tambayar da ya kamata ya yi tun shekara uku.

"Inna, gindin lallen nan, tawa ce a wurin?"

Atika ta share ido. "Taka mana. Da ta 'yar farin, da ta Labaran, da ta auta. Ai ungozoma wuri ɗaya take binne na ɗaki ɗaya, don kan 'ya'ya ya haɗu. Wace mace ce ba ta san wannan ba? Me ya kawo zancen?"

"Ba komai, Inna."

Ya fita. Yanzu ya sani. Kuma a nan ne nake jin haushinsa, don duk abin da ya wuce ana iya cewa wauta ce, abin da ya biyo baya kuwa da idonsa a buɗe ya yi shi.

An riga an sa ranar Zinariya da wani malamin makaranta a Makarfi, mutumin da take so har ba ta iya ɓoyewa. Ita ma ba ta taɓa kwana a wajen Kudan ba. Dalhatu ya hau doki ya tafi dutse.

"Baba, cire mini ta ƙanwata."

"Ƙasa ta gauraya, ɗan makaranta. In ka iya tsince ta, bismilla. Ga tukunyarka can, ta uku daga bango. Ɗauki duka ko ka bar duka."

Dalhatu ya tsaya gabanta. Ya miƙa hannu. Sai ya tuna injuna goma, ya tuna masu miƙewa tsaye, ya ga kansa da lauje a fadama ana nuna shi da baki. Ya janye hannun, ya ce zai yi wata dabara.

Dabarar ita ce ya gina wa angon gida a Kudan. Dangin ango suka ji kamar an zage su: ɗansu ya tare a garin matarsa, a gidan da surukinsa ya gina? Suka ce amarya ɗakin mijinta take zuwa, haka aka gada. Ya nemi a ɗaga biki, aka ɗaga sau biyu. A na uku Zinariya ta same shi a zaure, tana kuka.

"Yaya, me na yi maka? In akwai abin da ka sani game da shi, ka faɗa mini."

Kalma ɗaya ta ishe ta tsira. Ya dubi ƙasa ya ce, "Babu komai. Allah ya sa albarka." Ya ce wa ransa Makarfi ai nan kusa ce, wataƙila abin bai kai can ba. Mutumin da ya san abin da ya faru a Dandamisa!

Aka kai amarya ranar Alhamis. Juma'a da hantsi mutanen da ke kan hanya suka ga wata mace da lallen biki tana tafe da ƙafa, ba mayafi, ba ta amsa gaisuwa. Zinariya ce. Ta shiga gidansu ta wuce kowa, ta durƙusa a gindin lalle, ta kama tono da farce tana cusa ƙasa a baki. Ba ta mutu ba. Na kasa cewa ko hakan sauƙi ne. Ta ɗago ta dubi uwarta ta ce, "Inna, ba ma nan. An kwashe mu."

Atika ta dubi ramin, ta dubi ɗanta. Ta tuna tambayar da ya yi mata. Ba ta yi ihu ba, ba ta tsine masa ba. Cewa ta yi, "Na ce maka in tafiya ce ka tafi da albarkata." Daga wannan ba ta ƙara yi masa magana ba har ta koma ga Allah, wata huɗu bayan nan.

A ranar da Zinariya ta dawo Dalhatu ya yi sukuwa zuwa dutse, ya yarda a karɓe komai. Ya tarar da Inuwa a zaune ya jingina da bango, faifan gyaɗa a cinya, ya kwana biyu da mutuwa. Kafin ya mutu kuma ya sake jeren tukwanen. Dalhatu ya ɗauki ta uku daga bango, ya ga ba ita ba ce, ko kuwa ita ce? Duk iri ɗaya. Ya buɗe wannan, ya buɗe waccan, ƙasa ce ja a kowacce. Hankalinsa ya gushe, ya ɗauki dutse ya bi su da fashewa. Da ya dawo hayyacinsa, yana tsaye cikin tulin ƙasar mutane ɗari, tasa da ta Zinariya a ciki, babu mai iya tsince su har abada.

Tukunya ta fashe, arziki ya tafi. Ƙasa ba ta koma raminta ba, ɗauri ya zauna. A damina ɗaya raken ya ruɓe a tsaye, dawakan suka mutu, mazarƙwailar da ta rage ta koma ɗanɗanon laka. Soron ya tsage ya zube.

Ya rayu shekara talatin bayan haka, a ɗakin uwarsa, yana ciyar da Zinariya da abin da maƙwabta suka miƙo. Kowace safiya sai ya ɗauki akwatin kwanon nan a ka, wasiƙar Jos a aljihu, ya kama hanyar Zariya. In aka tambaye shi, ya ce ya yanke shawara, yau zai tafi. Yakan kai har ƙarshen gonakin gari. Da la'asar ta yi sanyi sai a gan shi yana dawowa da sauri, yana waige.

To, kai da ka gama karatu kake juya takarda a hannu, ko ka tafi ko ka zauna, duka biyun halal ne. Ɗauki ɗaya, ka ci ɗan abin da Allah ya ba ka. Amma ka kiyayi hanya ta uku, wadda kwaɗayi ke nunawa. Boka bai taɓa ba kowa komai ba sai da ya karɓi abin da ya fi shi, kuma ba daga jikinka kaɗai yake yanka ba. Dalhatu an ba shi garuruwa biyu ya zaɓa, ya raina. Da ya mutu, taku arba'in aka yi da gawarsa daga inda aka haife shi.