Randar Inna

A wani ƙauye can, wani saurayi mai yawon duniya ya dawo gida bayan shekara tara. Ya tarar an sare ɗorawar ƙofar gida, an rushe rumbu, innarsa kuma ta rasu. Randarta kaɗai ke nan, kafe a ƙasa.

Ya sha, ya ƙara sha. Sanyin ruwan yana nan kamar da.

Ya ɗauko fartanya ya ce wa gwaggonsa, "Gwaggo, da ita zan tafi."

Ta ce, "Tona mana, ɗan nan. Kai da ba ka kwana uku a gari, ina za ka kafa ta?"

Sai ya ajiye fartanya, ya jawo ruwa ya cika randar, ya ɗura gorarsa daga ciki, ya soma ɗaure kayansa.