Sojan da Ya Fito Daga Tabki

Ana kiran magariba Barira na bakin tabkin Madarumfa tana ƙarasa ban ruwan albasarta, sai kwaɗi suka yi tsit. Wani soja ya fito daga ruwa yana jan ƙafa. Kakinsa ba irin na ƙasar nan ba ne, kuma a bushe yake ƙamas.

"Inna, ki rufa mini asiri, ki ɓoye ni." Muryarsa na yankewa kamar rediyon da pil ya ƙare masa.

"Daga wane yaƙi kake, ɗan nan?"

Ya nuna taurari. "Can. Waɗanda suka ƙera mu sun rabu biyu suna kashe juna. Sun ba ni hankali, sannan suka ce in ƙone garin da aka ƙera ni. Na ƙi, shi ne ake farautata."

Ta kama hannunsa, sanyi ƙalau kamar ƙarfe, ta tura shi bukkar lambu ta rufe da kara.

Ba ta kai ga ɗaukar bokitinta ba aka yi sallama a bayanta.

"Inna, ina kika sa shi?"

Muryar Isuhu ce, ɗanta da aikin soja ya kai arewa, wanda aka kawo mata labarin rasuwarsa bara. Ta juya tana kuka, ta miƙa hannu biyu. Fuskarsa ce, har da tabon goshi. Ya sake tambayarta a hankali, amma leɓɓansa ba su motsa ba.