Akwatin da Bai San "Da Sauƙi" Ba

Akwatin yana manne a jikin turken waya, daidai bakin ƙofar tsohon gari, koriyar fitilarsa na ƙifce-ƙifce. Ta hagu wayar jan ƙarfe ke shiga, tsohuwa, wadda ta girmi yawancin masu wucewa. Ta dama zaren gilashi ke fita, bai kai kaurin gashi ba, ya nufi sabon gari inda motoci ke tuƙa kansu. Abin da ya shigo a lantarki sai ya fita a haske. Shi ya sa mutanen Zariya ba su taɓa wahalar da bakinsu da sunansa na Turanci ba, Tafinta suke ce masa.

Bawa Maiwaya ya yi shekara talatin da bakwai yana hawa turke, ya san dalilin zaman akwatin nan. Tsohon gari lungu ne a kan lungu, kuma ba maigidan da zai yarda a fasa masa zaure don a ja zare. Sai aka bar jan ƙarfe a inda yake, aka sa Tafinta a tsakani. Na da ba shi da wayo, abin da ka faɗa shi zai kai, har tarinka. Na yanzu kuwa an sa masa ƙwaƙwalwa. Layin asibiti ya cika, sai kamfani ya ce akwatin ya riƙa amsa kiran marasa lafiya da kansa, ya yi tambaya, ya aika da launi kawai: ja a turo mota, rawaya a jira, kore a sha magani a kwanta. Bawa da hannunsa ya ɗaura irinsa ɗari biyu da sha ɗaya.

Abin da ya hau da shi turke da hantsin Talatar nan, gawa uku aka fitar daga unguwar a mako guda, kuma duk ukun sun kira asibiti. Ya maƙala abin saurare a ɓangaren jan ƙarfe, yana bin kiraye-kirayen da akwatin ya naɗa da safe. A na huɗu ƙafarsa ta kusa zamewa daga tsani. Muryar Yaya Tasalla ce, yayarsa da ta goye shi.

"Ya jiki?" in ji akwatin.

Shiru. Sai numfashi, kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. "Da sauƙi... Alhamdu lillahi."

Bawa ya duba abin da ya fita ta ɓangaren haske: Majinyaciya tana samun sauƙi. Kore.

Nan take ya kira Injiniya Suwaiba, wadda ta tsara ƙwaƙwalwar akwatin.

"Injiniya, akwatinki kurma ne."

"Baba Bawa, ko gaisuwa babu?"

"Ba lokaci. Ke da kika yi karatu, tun da uwarki ta haife ki, kin taɓa jin an tambayi Bahaushe jiki ya ce ba sauƙi? Mutum yana kan gargara ma da sauƙi zai ce. Ba kalmar ake saurare ba, 'yar nan, yadda ta fito ake saurare."

Ya ji tana danne-danne. Da ta dawo muryarta ta canza. "Kira ɗari tara cikin dubu kore ne daga tsohon gari. Mu a ofis har murna muka yi, wai unguwar ta fi ko'ina lafiya."

"To ki turo mota gidan yayata."

"Motocin ba sa jin maganata, launi suke bi. Baba, je ka sa ta sake kira, ta faɗa da bakinta cewa jiki ya tsananta."

Ya sauko, ya bar tsanin a jingine. Ya tarar da Tasalla a kan tabarma, ta jingina da bango, leɓɓanta sun yi fari. Ya buga lambar asibiti, ya yi wa akwatin bayani da kansa. Akwatin ya ce mai magana ba shi ne majinyaci ba. Ya kai wayar bakinta.

"Yaya, don Allah ki ce ciwo ya tsananta. Kalma uku ce."

Ta buɗe ido da ƙyar, ta harare shi irin hararar da take yi masa yana yaro. "Bawa, tsufa ne ya fara taɓa ka? Ni zan kai ƙarar Ubangijina wurin akwati?"

"Ba ƙara ba ce, Yaya, magani ne."

"Wanda ya ɗora mini ya san nauyinsa." Ta juya ga wayar. "Da sauƙi, ɗan nan. An gode."

Bawa ya koma turke da gudun da ya manta yana da shi. Ya ɓalle sabon akwatin, ya ɗaura tsoho marar ƙwaƙwalwa daga cikin jakarsa, ya cusa jan ƙarfe ta hagu, zare ta dama. Yanzu muryarta za ta isa asibiti yadda take, da shirun da numfashin.

"Na mayar da na da," ya ce wa Suwaiba. "Ki ce wa masu ɗaukar waya na asibiti su saurara."

"Baba..." in ji Suwaiba. "An sallame su tun bara. Ɗakinsu ma injuna aka zuba."

A amalanken mai kayan miya suka fitar da Tasalla daga lungun. Ba su kai bakin titi ba.

Bayan addu'ar bakwai kamfani ya ce ya gano matsalar, kuma ba a akwatin take ba. Aka mayar da shi kan turke. Mota mai lasifika ta riƙa zagaya tsohon gari tana koyar da mutane: in an tambaye ka jiki, kada ka yi godiya, faɗi lamba daga ɗaya zuwa goma gwargwadon tsananin ciwon. Da fari an yi dariya. Bayan an ƙara fitar da gawa biyu aka daina.

Wata Juma'a Bawa ya shiga duba maƙwabcinsa Malam Barau, limamin da ya sallaci Tasalla. Babu waya a ɗakin, babu akwati, daga shi sai shi. Ya durƙusa, ya kama hannunsa.

"Malam, ya jikin?"

Tsohon ya dube shi, leɓɓansa suka motsa kamar za su kama wata kalma, suka sake ta.

"Takwas," ya ce.