Waƙar Hanus da Ƙafarsa ta Hagu

"Na yarda," in ji Sunnva. "Amma Kawu ne shaida. Maimaita, Baba, kada gobe ka ce ba haka aka yi ba."

Ni ne kawun, ƙanin marigayiya uwarta. Ina kicin ɗinsu ina yankar busasshen naman tunkiya.

Hanus, mahaifinta, ya gyara hannunsa na hagu, wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa bara. "In na ja waƙar rawa a ɗakin taro, a tsaye, har ƙarshe ban faɗi ba, ki auri Eydun ki bi shi Danmak."

"In ka faɗi fa?"

"Sai in yi shiru... ki zauna ki tsufa da ni."

Suka yi musabaha, kowa na kallon wani gefe.

Mu a tsibirin Sandoy rawarmu ba kiɗa. Hannu ake riƙewa a zagaye, mutum ɗaya ya ja waƙa, sauran su amsa, ƙafa na bin baiti. Tun muna samari Hanus ne mai ja. Eydun kuwa makanikin jirgin ruwa ne, ya samu aiki a Danmak, ya ƙi tafiya saboda Sunnva. Na taɓa jin su a tashar jirgi.

"Sunnva, zuciyata, har yaushe?"

"Wa zai ɗaga Baba in ya faɗi? Kai, daga Danmak?"

"Ni ma kullum faɗuwa nake, ba kya gani ne!"

Ta yi dariya, idonta cike da hawaye.

Abin da ya ɗaure mana kai, in Hanus ya yi shiru, yana kaiwa coci da sandarsa lafiya lau. Da ya buɗe baki da waƙa sai ya yi tangaɗi. Muka dage kan ƙafarsa ta hagu, muna murzawa, muna zagin gwiwa. Sai da Rannva ta zo, matar da asibiti ke turowa tana koya masa tafiya, ta sa hannu ƙarƙashin haƙarƙarinsa ta ce ya ja numfashi.

"Kun bar ƙafar nan ta huta kuwa? Akwai wani nama ƙarƙashin huhu, shi ke jawo iska, shi kuma ke taya riƙe tsakiyar jiki in mutum ya tsaya. Ciwon ya raunana shi. In ka ba shi waƙa, sai ya saki riƙon."

Ban yi makaranta mai nisa ba, amma na yi aikin jirgi. Na san mutumin da ya gaji ba ya jan raga kuma ya riƙe sitiyari.

Ta ba shi wani ɗan bututun roba mai matse iska, ta ce ya riƙa zuƙa da ƙarfi safe da yamma.

Da na leƙo wata rana Sunnva na wurin aiki, sai na ga bututun cikin cokula, ko a baki ba a taɓa sa shi ba.

"Kai tsohon banza, so kake ka faɗi!"

"Fita min daga gida, Ossur."

"Ka yi alkawari da yarinya, kana cutarta a ɓoye?"

Ya juya ya kalli taga. "Ka san yadda gidan nan yake in ta fita? Shirun har ciwo yake a kunne..."

"Nawa gidan haka yake kullum. Ka ji na mutu?"

"Ka dai yi kama."

Muka yi dariya, ba mai daɗi ba. Na ce, "Yaron nan ba zai jira har abada ba. Ran da ya tafi, ba za ta ce maka komai ba. Za ta ci gaba da dafa maka dankali, kai kuma kana kallon fuskarta."

Ya miƙo hannun damansa. Na sa masa bututun.

Duk lokacin sanyin nan yana zuƙa har fuskarsa ta yi ja. Ya fara waƙa a zaune, ya koma a tsaye riƙe da tebur, daga baya yana zagaya kicin. Ni ne mai amshi, da muryata irin ta tsohon inji.

Ranar Lahadin ƙarshe kafin a rufe rawa saboda azumin coci, aka cika ɗakin taro da rana. Na kama damansa, Sunnva ta kama hagun. Ya ja waƙa, daɓen katako ya amsa. Can tsakiya na ji ya karkata. Sai ya ja iska har ƙirjinsa ya buɗe, ya miƙe, ya ɗora baitin gaba. Ya kai ƙarshe a kan ƙafarsa.

Mutane na tafi, Sunnva ta faɗo kafaɗata tana kuka.

"Kawu... bai jingina da ni ba! Na tanadi hannuna, ko kaɗan bai jingina ba!"

Hanus ya shafa kanta. "Je ki, 'yata. Ga Eydun can yana ta murza hula."

Da ciyawa ta fito aka ɗaura auren, suka hau jirgi.

In lissafi ake so, Eydun ya ci riba, ya samu mace irin wadda ba a samu sau biyu. Sunnva ta samu mijinta, kodayake in ta kira waya kuka ke fara zuwa kafin gaisuwa. Hanus ne ya ci yarjejeniyar, kuma shi ne ya yi asara. Yanzu yana sauka har tashar jirgi, iska na dukansa ba ya ko girgiza, ya tsaya har fasinjan ƙarshe ya sauka, sannan ya juyo gida shi kaɗai.